Kwana Biyu Rub-da-Ciki: Inda Amurkawa Ke Koyon Harbi da Tarihi a Wuri Ɗaya

Jama'a, ku dubi wannan fili da kyau. Safiyar Asabar ce a wani ƙauyen Amurka. Mutane sun yi layi sun kwanta rub-da-ciki a kan shimfiɗu, kowa da bindiga a kafaɗa, kunnuwa a toshe. Akwai dattijo mai furfura, akwai uwa da 'yarta, akwai yaron da ya zo tare da mahaifinsa. Babu soja a cikinsu, babu ɗan sanda. Idan rana ta take za su ajiye bindigogin, su zauna a inuwa suna cin abinci, wani mai koyarwa mai jar hula ya miƙe ya ba su labarin abin da ya faru ranar 19 ga Afrilu, 1775, ranar da aka fara yaƙin neman 'yancin Amurka daga hannun Ingila.

Sunan wannan shiri Project Appleseed. An fara shi a 2006 a garin Ramseur da ke jihar Carolina ta Arewa, kuma wanda ya kafa shi, Jack Dailey, an fi saninsa da Fred, sunan da yake rubutu da shi a wata jaridar masu bindiga. Ƙungiyar da ke gudanar da shi ita ce Revolutionary War Veterans Association, kuma masu koyarwar duk aikin sa-kai suke yi. Sunan kuwa aro ne daga John Chapman, mutumin da aka haifa a 1774, wanda ya yi shekaru yana yawo a Pennsylvania da Ohio da Indiana yana dasa itacen tuffa har aka yi masa laƙabi da Johnny Appleseed. Su ma, in ji su, iri suke shukawa.

Kafin a taɓa harsashi, sai an haddace dokoki huɗu. Bakin bindiga kullum ya kalli inda ba zai cutar da kowa ba. Ba a ɗura harsashi sai an ba da umarni. Yatsa ba ya hawa kunama sai an saita abin da za a harba. Ta huɗun ce ta fi burge ni: kowa ya tabbatar na kusa da shi ma yana bin dokokin. Wato lafiyar maƙwabcinka a wuyanka take.

Daga nan sai a kafa wata takarda mai jajayen siffofi, launin rigar sojan Ingila na wancan zamani, a nisan mita 25. Kowa ya harba harsashi 13 ba tare da an koya masa komai ba. A nan ne mai cika baki ke yin shiru, domin takarda ba ta san kunya ba.

To me ake koyarwa? Abin mamaki, yawancinsa ba ƙarfi ba ne, natsuwa ce. Ana nuna wa mutum yadda zai naɗa igiyar rataya bindiga a damtsensa, ta yadda ƙashi da igiya za su ɗauki nauyi, tsoka ta huta, don tsokar da ta gaji rawa take yi. Ana koya masa ya lura da numfashinsa, ya harba a ɗan tsakanin nan da iska ta fita, wata ba ta shigo ba. Kunama kuma ba a fizgarta, matsa ta ake yi a hankali. Akwai wani darasi da ke ɗaukar lokaci mai tsawo: ka saita, ka rufe ido, ka yi numfashi, ka saki jiki, sannan ka buɗe. Idan bindigar ta kauce, to jikinka ne bai zauna daidai ba, sai ka gyara kwanciyarka gaba ɗaya maimakon ka ja bindigar da hannu. Yawancin masu zuwa ƙaramar bindiga suke kawowa mai cin harsashin .22, irin su Ruger 10/22, saboda harsashinta araha ne kuma ba ta dukan kafaɗa.

Jarrabawar harsashi 40 ce, kashi huɗu: a tsaye, a zaune ko a durƙushe, sannan sau biyu a kwance, kowane da lokacinsa. Ana ƙanƙanta siffofin ta yadda a mita 25 za su zama kamar suna nisan yadi 100 zuwa 400. Cikakken maki 250 ne. Wanda ya samu 210 ana ba shi bajen da aka rubuta Rifleman, wato gwanin harbi. Mutane da yawa sai sun dawo sau biyu ko uku kafin su same shi.

Yanzu bari mu koma inuwar nan, don a nan zuciyar shirin take.

Masu koyarwa suna raba labarin gida uku, suna kiransa ƙyasta ashana sau uku. A daren 18 ga Afrilu, 1775, Janar Thomas Gage, gwamnan Ingila a Massachusetts, ya tura sojoji wajen 700 daga Boston zuwa Concord su ƙwace makamai da albarushin da mutanen yankin suka tara. Asiri ya riga ya tonu. Dokta Joseph Warren, ɗaya daga cikin jagororin mutanen yankin, ya tura Paul Revere da William Dawes a kan dawakai su faɗakar da garuruwa. An kama Revere a hanya, wani matashin likita, Samuel Prescott, shi ne ya kai labari Concord.

Da asuba sojojin suka iso Lexington, suka tarar da mutanen gari wajen 77 a fili ƙarƙashin Kyaftin John Parker, mutumin da tarin fuka ke ci, wanda bai ga ƙarshen shekarar ba. Har yau masana tarihi ba su daidaita a kan wanda ya fara harbi ba. Mutum takwas na garin suka mutu, goma suka ji rauni, cikinsu har da Prince Estabrook, baƙar fata da ke cikin bauta, wanda ya tsaya a sahun masu neman 'yancin da shi kansa ba shi da shi a ranar. Ashana ta farko ke nan, ba ta kama ba.

Ta biyu a gadar arewa ta Concord ce. A nan ake ba da labarin Isaac Davis, maƙerin bindiga daga garin Acton, ɗan shekara 30. Ya bar 'ya'ya huɗu a gida, wasu ba su da lafiya. Matarsa Hannah ta ba da labari daga baya cewa ya kai ƙofa, ya juyo kamar zai faɗi wata magana, sai kawai ya ce ta kula da yaran da kyau. Shi ne a gaban sahu a gadar, kuma yana cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Da yamma gawarsa aka kawo mata.

Ta uku ita ce ta kama wuta. Da sojojin suka juya za su koma Boston, mutanen ƙauyuka suka yi ta ɓullowa ta bayan katangun dutse da itatuwa. Ba don ɗaukin da wani hafsan Ingila, Hugh Percy, ya kawo musu da sojoji wajen 1,000 ba, da wuya su kai gida. A ƙauyen Menotomy wani tsoho mai suna Samuel Whittemore, ɗan shekara 78, ya tsaya shi kaɗai ya buɗe wuta. Aka harbe shi a fuska, aka sossoke shi da wuƙar bakin bindiga, aka bar shi a kan ya mutu. Ya ƙara shekara 18 a duniya. Da rana ta faɗi, Ingila ta rasa sojoji 73, mutanen yankin 49.

Ga inda nake ganin ya kamata a yi hattara. Wanda ya ji labarin a filin harbi zai iya ɗauka cewa gwanintar saiti ce ta ba da nasara. Amma bindigogin ranar kusan duka irin bindigar toka ce ta maharbanmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma ba ta da tabbas idan nisa ya yi yawa. Mutum kusan 4,000 suka fito, suka yi yini suna harbi, ga kuma adadin da kuka ji. Abin da ya girgiza Gage shi ne saurin taruwar. Ƙararrawar coci ta buga a wannan gari, na gaba ya ji ya buga tasa, mahaya suka bazu, kowane manomi ya san kyaftin ɗinsa da wurin haɗuwa, domin sun shafe watanni suna shiri a tarukan gari. Cikin 'yan kwanaki mutum wajen 15,000 sun kewaye Boston, kuma a watan Maris na 1776 sojojin Ingila suka fice daga birnin. Masu koyarwa na ƙwarai suna faɗin wannan, kuma shi ya sa suke roƙon mahalarta su riƙa zaɓe, su riƙa zuwa taron unguwa.

Na san ga yawancinmu kalmar bindiga ba wasan ƙarshen mako take tunawa ba, makoki take tunawa. A Amurka ma ba kowa ne ke kallon wannan shiri da kwanciyar hankali ba. Gyara na biyu na tsarin mulkinsu, na 1791, ya ba su 'yancin riƙe makami, amma a 2021 kaɗai mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar, fiye da rabi kashe kansu suka yi. Masu suka suna tambaya: idan ka haɗa koyon harbi da labarin mutanen da suka juya wa gwamnatinsu bindiga, wane saƙo kake aikawa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban ga laifin mai yin ta ba. Amsar masu shirin ita ce sun hana maganar siyasar yau a filin, kuma suna cewa kakanninsu sun yi yaƙin ne don jikoki su samu akwatin zaɓe, kada su sake buƙatar yin wani.

Da yammacin Lahadi, gwiwar hannu ta ƙuje, kafaɗa ta yi tsami, sai a sake kafa jar takardar nan ta ranar farko. Harsashi 13, kamar jiya. Kowa ya je ya ciro tasa, ya ɗora ta kusa da ta safiyar Asabar. Wanda ya kai maki 210 kuwa, bayan an miƙa masa bajensa, sai a tambaye shi ko zai karɓi hula mai ruwan lemo, hular mai koyon koyarwa, ya dawo wani ƙarshen makon ya durƙusa kusa da sabon zuwa.