Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Taron Manoman Rani na Kwarin Haɗeja da Jama'are, Abuja

Mai girma Minista, iyayenmu sarakuna, 'yan'uwa manoma, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Aikinka a bakin kowa yake, ba sai mun tsare ka da kirari ba. Kukanmu ɗaya ne: a yashe mana magudanan fitar da ruwa kafin a sako ruwan rani na bana.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa suke ciyar da ƙasar nan. Babu kasuwa a Abuja da kwandonmu bai shiga ba. Amma hanyar kawo ruwa kaɗai ake tunawa da ita. Ta fitarwa ciyawar kachalla da laka sun toshe ta shekara da shekaru, masu zuwa dubawa kuwa hoto suke ɗauka su tafi.

Ruwan da ya rasa mafita ƙasa yake shiga. Da zarar na ƙarƙashin ƙasa ya taso bai kai zurfin mita 2 ba, zafin bazara sai ya tsotso shi ya bar farin gishiri a kan kunya. A ma'aunin gishiri na dS/m albasa takan fara ja da baya daga 1.2, tumatir 2.5, shinkafa 3. Inda kanwa ta kama, ƙasa takan daskare ta ƙi shan ruwa. Sai an zuba jifsam, wato farin ma'adinin da ke gyara ƙasar kanwa, a yi huɗa, a cika fangali da ruwa ya wanke ta. To ruwan wankin ina zai bi? Ko ya koma gonar maƙwabci, ko ya gangara ya iske 'yan'uwanmu na Haɗeja, Nguru da Gashuwa.

A Ostireliya, tun 1988 jihohin da ke kan kogin Murray suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da irin wannan gishiri. Rijiyoyin burtsatse suna zuƙe ruwan gishiri kafin ya shiga kogi, a kai shi tafkuna rana ta busar, an kuma tsayar cewa awon gishirin ruwan kogin a garin Morgan kada ya wuce 0.8 dS/m a kashi 95 cikin 100 na lokaci.

Mu ma muna roƙon na'urorin awon gishiri, da rijiyoyin duba zurfin ruwa a kowane sashe, da jifsam a farashin tallafi. Amma ranka ya daɗe, in abu ɗaya za a iya bana, to a turo motocin yasa tun kafin Nuwamba. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.