Wa zai biya kuɗin asibiti? Lacca kan rigimar inshorar lafiya a Amurka

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Yawwa.

To kafin mu yi nisa bari in warware wani abu da mutane ke yawan cakuɗawa. In kun ji Bernie Sanders, sanatan nan na Amurka, na ta ƙaraji wai gwamnati ta biya wa kowa kuɗin magani, ba cewa yake asibitoci su koma na gwamnati ba fa. Wancan tsarin Ingila ne, NHS ɗinsu da suka kafa a 1948. Shi na Kanada yake kwaɗayi, inda likita ke zaman kansa, ya duba ka ka tafi abinka ba ka ciro ko sisi ba, shi kuma ya tura lissafi wa gwamnatin lardi ta biya shi daga haraji. Aljihu ɗaya ke biya, shi kenan.

Amurka kuwa ba zama aka yi aka tsara nasu ba, faɗawa ciki suka yi. Lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta taka wa ƙarin albashi birki, ga ma'aikata sun yi ƙaranci, sai kamfanoni suka fara jawo mutane da inshorar lafiya tunda ita ba a hana ba, kuma ba a cire mata haraji, abu kamar wasa ya zama gado, yau sama da mutum miliyan 150 ta wurin aiki suke samun inshora. Ku duba fa, ciwo ya kwantar da kai har aiki ya kuɓuce, inshorar ma ta bi shi. Ga mari ga tsinka jaka.

Shugaba Truman ya nemi a yi na ƙasa baki ɗaya tun 1945, ƙungiyar likitoci ta AMA ta ce wannan ai gurguzu ne, magana ta mutu. Sai 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Medicare, inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama, kuma Truman ɗin aka miƙa wa kati na farko. Abin da ke ban dariya kenan, tsohon da gwamnati ke biya wa asibiti shi ne zai ce kar gwamnati ta sa baki a lafiya. Obamacare, dokar lafiya ta Shugaba Obama ta 2010, ta hana kamfanin inshora ya ƙi ka don kana da tsohon ciwo, amma dai kamfanonin na nan daram.

Kanada ma ba a ruwan sanyi aka samu ba. A Saskatchewan, lardin Tommy Douglas, shugaban lardin da ya assasa tsarin, sai da likitoci suka yi yajin aikin kwana 23 a 1962 don adawa da shi.

Masu goyon bayan kamfanoni fa ba shirme suke ba, kar ku fita ku ce malam ya ce. A Kanada mutum kan yi watanni yana jiran tiyatar gwiwa ko ƙugu, kuma haraji dole ya hau. Amma ni inda na tsaya, Amurka na kashe kusan kashi 17 cikin ɗari na arzikinta a lafiya, Kanada wajen 12, kuma ɗan Kanada ya fi tsawon rai. Ina rarar ke tafiya? Tsadar magani, da tulin ma'aikatan da aikinsu kawai cike takardu da ja-in-ja tsakanin asibiti da kamfani kan wa zai biya. Layi a Kanada ana ganinsa, a Amurka wanda ya zauna a gida don tsoron bil ba wanda ya ƙirga shi a layi.

Mu nan Najeriya dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta 2022 ta wajabta inshora, amma a ɗaga hannu, mutum nawa a ɗakin nan ke da kati? Ɗaya, biyu... to a sauke. Mai tambaya ya matso kusa da makirfo.