Gobe, jibi, gata, citta: wa ya ɗaure su da igiya?

Jama'a masu sauraro, shekaranjiya a teburin wani mai shayi a unguwar Jekadafari da ke nan Gombe na ji maganar da har yanzu take ci min rai. Wani bawan Allah ƴarsa ta gama sakandare tana son karatun nas, shi kuwa ya ce atafau. Wai in ya bar ta gobe za ta riƙe waya, jibi ta fara kula samari, gata ta raina miji, citta ta ƙi zaman aure, shikenan gida ya watse. Aka yi ta gyaɗa kai ana cewa wallahi gaskiya ne.

Haba malam! Taku ɗaya yarinyar nan ta nema, kai ka jero guda biyar ka ɗora mata. Hujjar santsi kenan, a nuna maka da zarar ka ɗaga ƙafa sai ka zame har ƙasan rami, alhali ba a nuna maka abin da ya ɗaure gobe da jibi ba. Ina igiyar? Me ya sa dole mai riƙe waya ta raina miji? Ina tarbiyyar shekara 18 da ka yi mata ta tafi?

Na sani wani zai ce ai ƙaramin abu kan zama babba. Eh, mu mutanen Gombe ba sai an faɗa mana ba, mun ga yadda ƴar hanyar ruwa ke zama kwari ta cinye gidaje. Amma can dalilin a fili yake, ƙasa ce mai rairayi, ruwa na kwararowa duk damina ba magudana. Ruwa ba ya tunani, ba ya jin kunya, ba shi da uwa da za ta tsawata masa. Yarinya tana da duk wannan, a kowane taku akwai wurin tsayawa.

Kuma masu cewa "ai mun ga ƴar wane", to mu ma mun ga Nana Asma'u ƴar Shehu da ta rasu a 1864, ilminta ya kai ta ga kafa Ƴan Taru tana karantar da mata har ƙauyuka. Ƴar wane ɗaya ba ta zama igiya ba.

Ni dai na tambaye shi, ranar da maiɗakinsa take naƙuda a asibiti wa ya nace sai ta duba ta? Ya ce mace mana. Na ce to ƴar wa? Sai ya ɗauki kofin shayinsa ya kurɓa.