Me ya sa waƙa a kwaya take da daɗi haka?

Jama'a barkanku da war haka. Yau maganar kwaya za mu yi, wato mutane da yawa su tsaya su haɗa murya a kan waƙa ɗaya. Za ka ga mutum ya taso daga aiki a gajiye tiɓis, amma in dai ranar firaktis ce sai ya lallaɓa ya je, ba biyansa ake ba, ba wanda ya tilasta shi, to me yake samu a wurin?

Mu fara da yadda ake raba muryoyin. Yawanci kashi 4 ne. Sofrano su ne masu siririyar murya can sama, alto na bi musu, sai tena, sai kuma bes masu kauri can ƙasa. Kowane kashi da nasa layin, kuma gaskiya in ka ji 'yan alto su kaɗai suna bitar nasu za ka ce wannan waƙar ba ta da armashi, kusan sauti ɗaya ake ta nanatawa. Amma da malamin kwaya ya ɗaga hannu kowa ya shigo, sai wani sauti ya cika ɗakin wanda babu shi a bakin kowa. Mutum ɗaya komai iya waƙarsa ba zai fitar da wannan ba, dole sai da wasu.

Kuma akwai dalili. Sauti girgizar iska ce. In muryar wani tana girgiza sau 200 a daƙiƙa, ta na kusa da shi kuma sau 300, to sun dace, sai su zauna daram a kan juna. In ɗaya ya ɗan kauce kaɗan za ka ji sautin yana rawa kamar yana kaɗawa, sai mawaƙan su yi ta gyarawa da kunne, wannan ya ɗan ɗaga wancan ya ɗan sauke, har rawar ta ɓace. Lokacin da ta ɓace ɗin nan, kai, tsigar jikinka sai ta tashi, kana jin sautin har a ƙirjinka, wani lokacin ma ka ji wata siririyar murya can sama wadda ba wanda yake yin ta. Fiyano ba ya iya wannan gyaran fa, shi an riga an saita shi, muryar ɗan Adam ce take iya lanƙwasawa haka.

Shi ya sa nake cewa rabin aikin kwaya sauraro ne. Malaman kwaya suna yawan faɗa, in ba ka jin na gefenka to ka cika ƙara. Ka rage naka, abin da kuke yi tare sai ya ƙaru, ni a wurina nan daɗin yake. Har numfashi rabawa ake. In an zo wurin da za a ja sauti mai tsawo, wannan ya saci numfashi ya dawo, sannan wancan ya saci nasa, mai sauraro bai san an yi ba, shi dai yana jin sauti bai yanke ba. Ba kai kaɗai kake ɗauke da waƙar ba, in ka gaji akwai masu riƙe maka.

Numfashin nan kuma har zuciya yake taɓawa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Gothenburg a ƙasar Suwidin sun auna bugun zuciyar matasa suna waƙa tare, suka ga zukatansu suna sauri tare suna lafawa tare. Dalili kuwa, in ka ja iska zuciya takan ɗan ƙara sauri, in kana fitarwa ta ɗan lafa, to waƙar ta sa kowa yana ja yana saki a lokaci guda. A 2015 kuma wani bincike na Jami'ar Oxford a Ingila ya kwatanta manya masu zuwa ajin waƙa da masu zuwa ajin rubutu da na sana'ar hannu, 'yan waƙa sun fi saurin sabawa da juna tun watan farko, sauran sai daga baya suka kamo su.

Ku duba Estoniya. Tun 1869 suke bikin waƙa, an fara a garin Tartu, yanzu a Tallinn ake yi duk shekara 5, mawaƙa sama da 30,000 sukan hallara. A ƙarshen shekarun 1980 haka suka riƙa cika fili suna rera waƙoƙin ƙasarsu, har suka fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991. A Leipzig ta Jamus kuma akwai kwayar yara maza da aka kafa tun 1212, Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, ya jagorance ta daga 1723 zuwa 1750, kuma har yau tana nan ana yi.

Saura masu cewa ai ni ba ni da murya. Don Allah a daina yanke wa kai hukunci haka, kwayoyi da yawa ba sa gwada murya kafin su ɗauki mutum, kuma da yawan 'yan kwaya ba su iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne suka koya. Makonnin farko za ka ɓata a tsakiyar waƙa, ka tsinci kanka kana bin layin sofrano alhali kai bes ne, kowa ya bi ta nan. Ka tsaya kusa da wanda ya riƙe layinku da kyau, ka yi a hankali kana jin sa, ka ɗauki firaktis ɗin a waya ka riƙa bita kafin mako ya zagayo.