Leburan Kuza na Jos Ma Yaƙin Suka Yi

Masu sauraro, duk ranar 15 ga watan Janairu sai a taru a Abuja da manyan biranen jihohi, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a busa bigila don tunawa da 'yan mazan jiya. Babu laifi, sojan da ya faɗi a bakin daga ya cancanci fiye da haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, shekara da shekaru ana wannan biki, amma ba a ambaton mutumin da aka ɗebo daga gonarsa aka kai shi ramin kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila. Bai sa kaki ba, bai je Boma ba, amma shi ma yaƙin ya yi.

Ga yadda abin ya faru. A farkon shekarar 1942 Japan ta ƙwace Malaya, ta kama Singafo a watan Fabrairu. Daga Malaya ake samun mafi yawan kuzar daular Ingila, kuma ba kuza ba gwangwanin abincin soja, ba abin liƙa wayoyin jiragen yaƙi. Sai ido ya dawo kan tsaunin Jos. Gwamnatin mulkin mallaka, a zamanin Gwamna Bourdillon, ta sa dokar aikin tilas, abin da talakawa suka riƙa kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944, kimanin mutum dubu ɗari aka kwasa daga lardunan Arewa, irin su Sakkwato da Kano da Zazzau da Bauchi da Binuwai, aka zuba su a barikokin haƙar kuza na wajen Bukuru da Barikin Ladi. Kowane rukuni sai ya yi kusan wata huɗu kafin a sallame shi.

To, wane ne aka ɗauka? Ba ɗan sarki ba ne, ba ɗan attajiri ba. Takarda ta fito daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci: a kawo mutum kaza. Mai abin hannu ya san ƙofar da zai bi ya fanshi kansa. Wanda ya rage shi ne magidancin da ba shi da kowa a fada, mai mata da 'ya'ya ƙanana da tsohon uba a gida, wanda duk dukiyarsa gona ce da fartanya.

Ku tsaya ku dubi gidan da ya bari. In ɗiban ya faɗo da damina, wa zai yi noman fari, wa zai yi maimai? In da kaka ne, wa zai yanke gero kafin tsuntsu ya gama da shi? Matarsa ce za ta san yadda za ta yi, ko ta yi surfe da daka a gidan wasu, ko ta sayar da 'yar akuyarta, ko yaran da ba su isa riƙe fartanya ba su shiga gona. Mai karɓar haraji kuwa bai fasa zuwa ba don maigida yana Jos. Kuma a daidai shekarun ne hatsi ya yi wuya a ƙasar Hausa. Rumbu ya yi ƙasa, mai cika shi yana can yana haƙa wa Sarkin Ingila rami. Wannan matar ma yaƙin ta yi, kuma ita ko sisin kwabo ba a rubuta mata ba.

Shi kuma a can, diga da shebur da kwano a ka, daga safe har yamma cikin laka. Mutumin da ya taso a zafin Sakkwato, da riga ɗaya a jikinsa, aka kwantar da shi a bukka cikin sanyin Jos. Abinci ba ya isa, magani sai wanda ya gani. Ciwon haƙarƙari da atini suka yi ta ɗauke mutane. Ɗaruruwa suka mutu, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. Dubbai suka gudu da ƙafa suka nufi gida, kuma ni ban ga laifinsu ba. Abin takaici, duk da wannan wahala, ƙarin kuzar da aka samu bai taka kara ya karya ba. Har a majalisar dokokin Ingila sai da aka yi ta ƙorafi, kafin a soke tsarin a 1944. Kamfanonin Turawa suka ci ribarsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da wasu za su ce: ai ba soja ba ne, kuma ai an biya shi lada. Wannan magana ba ta da ƙafa. Mutumin da dogari ya tasa a gaba ba a ce masa ɗan ƙwadago. Batun cewa ba soja ba ne kuwa, ku je ku tambayi Ingila kanta. Daga ƙarshen 1943 ta tura samarinta wajen dubu 48 ramukan kwal maimakon fagen daga, su ne ake kira yaran Bevin, da sunan ministan ƙwadagonta na lokacin. Su ma an daɗe ana yi musu kallon waɗanda suka guje wa yaƙi. Amma suka yi ta magana, iyalansu suka yi ta magana, har a 2008 Firayim Minista Gordon Brown ya fara miƙa musu lambar girmamawa da hannunsa. An makara, amma an yi. Wato Ingila ta yarda cewa wanda ya haƙa mata kwal a gida ya yi mata yaƙi. To wanda ya haƙa mata kuza a Jos fa? Yaƙi ɗaya ne, sarki ɗaya ne, tilas ɗin ma iri ɗaya ce, sai dai namu ya fi shan wuya.

Ko Ingila za ta taɓa biyan diyya, wannan ina shakka, kuma ba a kanta fushina ya tsaya ba. Mu fa? Shekara sama da sittin da samun 'yancin kai, yaro ya gama sakandare a Kano ko Gusau bai taɓa jin cewa watakila kakan babansa yana cikin waɗanda aka ɗiba ba. Anya ba don labarin yana taɓa gidajen sarauta ba ne muka yi gum? Domin Bature ne ya ba da umarni, amma ba Bature ne ya shiga ƙauye ya nuna gida ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ɗacinta bai isa hujjar binne ta ba.

Abin da ake nema ba gagarau ba ne. Takardun lardunan Arewa suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ga Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a gari ɗaya, ga jami'o'i a Zariya da Jos da Kano da Sakkwato cike da malaman tarihi. A tura ɗalibai ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana. Waɗanda aka ɗiba kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma 'ya'yansu suna nan, sun haura saba'in da tamanin, sun san sunan ubansu da shekarar da aka tafi da shi, da ko ya dawo ko bai dawo ba. A rubuta sunayen. A sa darasin a littafin makaranta. Gwamnatin Filato da gwamnonin jihohin da aka ɗebi mutanensu su haɗa hannu su kafa allo a Tenti ko Bukuru, kuɗinsa ba zai kai na motar rakiyar gwamna guda ba. Kuma ranar 15 ga Janairu mai zuwa, duk wanda aka ba jawabi ya karanta, ya ƙara layi ɗaya ya ce leburan kuza ma suna cikin waɗanda aka taru dominsu.