Shekara Hamsin a Cikin Littafin Baftisma

Mai girma Fada, katikis-katikis, iyayenmu mata na Zumunta, dattawa da matasa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

Da aka nemi in yi magana a wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara 50, abu na farko da na roƙi Fada shi ne ya buɗe mini littafin baftisma na fari. Takardunsa sun yi ja, gara ta ci gefen wasu, amma sunayen suna nan daram, kowanne da ranarsa da sunan wanda ya tsaya masa. A shafukan farko na ga hannun mutum ɗaya ne ya yi ta rubutu shekara da shekaru, kuma dattawa sun shaida mini cewa hannun katikis ne, domin a wancan zamani Fada yakan zo ne jefi-jefi, idan damina ta yi ƙarfi kuwa sai rafi ya tare hanya. Wannan bawan Allah shi ya koyar da addu'a, shi ya raka gawa, shi ya sasanta ma'aurata, ga shi kuma ban ga hotonsa a cikin kalandar da muka buga ba.

Shekara 50 ɗin nan reshe ne na wata bishiya da ta girme ta. A shekarar 1907 limamai uku na SMA, wato ƙungiyar mishan ta Katolika mai aiki a Afirka, Oswald Waller da Ernest Belin da Joseph Mouren, suka sauka a Shendam, a Jihar Filato ta yau, kuma daga can aikin Katolika ya yi saiwa a wannan yanki, har Shendam ta zama dayosis mai cin gashin kanta, wato yanki mai nasa bishop, a 2007, shekara 100 cif bayan zuwansu. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, ta hannun 'yan'uwanmu na wasu ɗariku, sannan babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin sujada da harshen jama'a. Saboda haka iyayenmu da suka kafa wannan wuri sun ji addu'ar bagadi da harshen da suke ciniki da shi a kasuwa, alherin da kakanninsu ba su samu ba.

Sai dai ina so mu duba abin da shekara ta hamsin take nufi a Littafin Firistoci, sura ta 25. An umarci Isra'ilawa su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, sa'an nan a busa ƙaho, a saki ɗan'uwan da talauci ya sa ya sayar da kansa, gonar da aka sayar kuma ta koma hannun masu ita na asali. Dalilin da aka bayar shi ne ƙasa ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta. Ashe godiyar da ake nema a irin wannan shekara tana da tsada, domin mai godiyar ne yake sakin abin da ke hannunsa. Mun ɗinka anko, mun yanka sa, ban kuwa ga laifin hakan ba, ni ma ga nawa a jikina. Amma akwai gidaje a cikinmu da suke zama a benci ɗaya ranar Lahadi alhali shari'ar iyakar gona ta hana su gaisawa, akwai kuma gwauruwar da ake bin ta bashin taki tun mijinta yana da rai.

Don haka ina roƙon kwamitin biki da abu biyu kafin shekarar ta fita. A zauna da tsofaffin matan da suka ɗebo ruwa da yashi a ka lokacin da ake ginin cocin farko, a rubuta abin da suka tuna, domin kaɗan ne suka rage. Dattawa kuma su kira waɗancan gidaje su zauna da su kafin ruwan shuka ya sauka.