Agogon taurari ya fi namu sauri da minti huɗu

Jama'a, ga wani gwaji da ba ya buƙatar ko sisi. Bayan sallar isha, in hazo ya yi sauƙi, ka hau soro ko ka tsaya a tsakar gida ka nemo Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya. Ka lura da lokacin da ta daidaita da kan wata bishiya ko zankon gini. Gobe ka koma daidai inda ka tsaya. Za ka tarar ta riga ka isowa da kusan minti huɗu.

Ba agogonka ba ne ya lalace. Duniya tana kammala juyi ɗaya a awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4. To amma tana juyin tana tafiya a kewayen rana, kusan digiri ɗaya kullum, sai ta ɗan ƙara juyawa kafin rana ta dawo tsaka. Wannan ƙarin ne ya cika mana awa 24. Taurari kuwa sun yi nisan da ba ruwansu da wannan ɗan gusawar. Minti huɗu-huɗu, a wata guda sun zama awa biyu. Shi ya sa taurarin hunturu daban, na damina daban, abin da manoma da malaman hisabi suka daɗe da sani.

Masana falaki da agogon taurari suke aiki, wato wanda yake bin juyin duniya na awa 23 da minti 56, domin da shi ake gano inda tauraro yake. Kowane tauraro yana da adireshi mai lamba biyu. Ta farko, digiri nawa yake arewa ko kudu da layin da ya raba sama biyu. Ta biyu kuma ba da digiri ake faɗinta ba, da awa ne, daga sifili zuwa 24, wato lokacin da tauraron yake kaiwa tsaka a agogon taurari.

Ɗauki Ƙalbul Asad, tauraro mafi haske a burujin Zaki. Lambarsa digiri 12 arewa, awa 10 da minti 8. Kano ma tana kan digiri 12 arewa. Ke nan duk lokacin da agogon taurari na Kano ya buga 10 da minti 8, wannan tauraron yana bisa tsakar kanka, ko kana kan Dala ko kana Sabon Gari. Sai dai in lokacin ya faɗo da rana tsaka, yana nan, haske ne ya ɓoye shi. A ƙarshen Fabrairu, wajen sha biyun dare, ɗaga kai kawai za ka yi.